Haya Ko Gidan Kanmu? Yadda Wata Ƙungiya A Sakkwato Ta Yi Lissafin Ofishinta

Takardar ƙarin kuɗin haya ce ta tayar da maganar. Ƙungiyar, wadda zan sakaya sunanta, ta shekara shida a wani gida da ke Arkilla: ɗakuna biyar, falo babba da aka mayar ɗakin taro, sito, da tsakar gida da ke ɗaukar motoci uku. Aikinta karatun 'yan mata ne da yaƙi da tamowa a wasu ƙananan hukumomi da ke kewaye da birnin Sakkwato, ma'aikatanta 14. Tana biyan naira miliyan 2.5 a shekara. Ana cikin watannin ƙarshe na 2024 sai mai gidan ya aiko cewa daga shekara mai zuwa miliyan 4 ne, wanda bai iya ba ga hanya nan.

Shugabar ƙungiyar ta je har gida ta same shi. Abin da ta dawo da shi bai wuce jimla biyu ba. "Hajiya, ba ni na ba, kasuwa ta. Ki tahi ki tambayi kuɗɗin siminti, in kin dawo sai mu yi magana." Ba ƙarya ya yi ba. An cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, an saki naira a watan Yuni, dalar da ake saya wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Buhun siminti da ke wajen dubu biyar ya kai dubu goma har fiye a wasu wurare a farkon 2024, duk da cewa ga masana'antar nan a Kalambaina, ana hango hayaƙinta daga cikin gari. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari.

A makon ne kuma wani dillali ya kawo labarin gida na sayarwa ta wajen Bado, ya ɗan fi na Arkilla girma, an sa masa naira miliyan 65. Ƙungiyar na da miliyan 48 a asusun ko-ta-kwana, kuɗin da ta shekara tara tana tarawa daga horaswar da take yi wa wasu, da gudummawar jama'a, da ɗan abin da kan ragu daga kason gudanarwa. Ɗaya daga cikin amintattu, ɗan kasuwa ne, ya ce in za a saya shi zai ba da miliyan 20. An haɗa, an ga miliyan 68. Gida miliyan 65. Kowa ya ce ai magana ta ƙare.

Ni aka kira in duba lissafin kafin amintattu su zauna, saboda na taɓa yi wa ƙungiyar aikin duba littattafanta. Alƙaluman da zan kawo na daidaita su na cire 'yan tsirarun da ke ratse da su, kuma na wannan ciniki ne kaɗai, kada wani ya ɗauke su a matsayin farashin gida a Sakkwato.

Lissafin ma'aji

Ma'ajin ƙungiyar tsohon ma'aikacin banki ne, kuma lissafinsa ba na wasa ba ne. Bai tsaya ga raba 65 da 4 ya ce shekara 16 ba, yadda mutane da yawa za su yi. Ya ce haya ba ta tsayawa wuri guda. Ya ɗauka cewa za ta riƙa hawa da kashi 20 cikin ɗari a kowace shekara, wanda bai ma kai hauhawar farashin lokacin ba. A haka, shekarar farko miliyan 4, ta biyu 4.8, ta biyar ta wuce 8, ta takwas ta wuce 14. In aka tara, a shekara ta takwas an zuba wa mai gida miliyan 66, wato kuɗin gidan Bado cif har da ɗoriya. A shekara goma an haura miliyan 103, kuma ko bulo ɗaya ƙungiya ba ta mallaka ba.

Ya ƙara da abin da ɗan haya kan bari a baya. A shekara shidan nan ƙungiyar ta haƙa rijiyar burtsatse a gidan Arkilla, ta sake wayoyin wuta domin sola, ta raba falo, ta ɗaga katanga ta sa waya a kai saboda sharuɗɗan tsaro na masu ba da tallafi. Faranti da batir da inbata za a iya kwancewa a tafi da su. Rijiya ba a ɗaukar ta a ka. Kuma waɗannan gyare-gyaren na cikin abin da ya ba mai gida ƙarfin gwiwar ƙara kuɗi, domin gidan da ya bayar shekara shida da suka wuce ba shi ne gidan yau ba.

Hujjarsa ta uku ita ce ta fi damuna, don ba ni da amsarta a lokacin. Miliyan 48 da ke kwance a banki narkewa take yi. Abin da za ta saya a watan Janairu ba za ta saye shi a Disamba ba. Gida kuwa, a ƙasar da naira ke faɗuwa, yakan bi farashi sama.

Abin da farashin bai faɗa ba

Na fara da abu mai sauƙi, wato nawa ne gidan miliyan 65 a zahiri. Dillali na jiran la'adarsa, kashi 5 cikin ɗari, miliyan 3.25. Lauya da binciken takardu a ma'aikatar filaye, miliyan 2. Sai kuɗin da ke tsakanin saye da mallaka, wanda masu sayen gida a unguwanni kan tsallake su riƙe takardar ciniki da sa hannun mai unguwa kawai. Ƙungiya mai rajista ba za ta iya haka ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, abin da mutum ke riƙewa izinin zama ne, galibi na shekara 99, kuma sashe na 22 ya ce ba a mayar da wannan izini ga wani sai da amincewar gwamna. Neman amincewar, da kuɗin hatimi, da rajistar takarda, lauya ya ce a ware miliyan 5 kada a ji kunya. Akwai kuma batun cewa takardar gidan ta zama ce, ofis kuwa sai an nemi sauya manufa.

Sai gyara. Na shiga gidan da wani magini da tsakar rana. Kwanon ɓangaren baya ya yi tsatsa, silin ya nuna tabon ruwan daminar da ta wuce, wayoyin wuta na tsohon yayi ne da ba za su ɗauki na'urar sanyaya ɗaki ko biyu ba. Wanda ya san zafin Sakkwato daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40, ya san ofis babu sanyi ɗakin gashi ne, kwamfutoci ma ba sa jurewa. Babu rijiya. Katanga gajera ce. Maginin ya ce miliyan 11, ya kuma ce kada a riƙe shi da wannan magana bayan wata biyu. Kwance sola da sake ɗaura ta, miliyan 1.5. Da aka tara, gidan ya tashi kusan miliyan 88. Abin da ke hannu 68. Giɓi miliyan 20, bayan an share asusun ko-ta-kwana tas.

Cike giɓin da bashi ba zaɓi ba ne na gaske. Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a Nuwambar 2024, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke bayarwa. Ko da ma da sauƙi, amintattun nan ba za su sa hannu a takardar da ke da kuɗin ruwa ba. An yi maganar bankunan da ba sa ta'amali da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, masu tsarin murabaha, wato banki ya saya ya sayar maka da riba, da ijara, wato ya saya ya ba ka haya. Amma ribar da suke ɗorawa ita ma tana kallon kasuwa ne, kuma kowane banki zai tambayi inda biyan wata-wata zai fito. Ƙungiyar da kuɗinta ke zuwa a kan kwangilar shekara biyu ko uku ba ta da amsa mai daɗi.

Na kuma nuna musu cewa mallakar gida ba ta mayar da kuɗin ofis sifili. Kuɗin ƙasa na shekara, inshora, fenti bayan ƙurar hunturu, ɗinkin kwano, famfon rijiya da kan ƙone, kwashe shadda: abubuwan da yanzu rabinsu wuyan mai gida ne za su dawo wuyan ƙungiya. Na sa miliyan 2 a shekara. Rabin hayar da ake gudu ke nan, kuma shi ma hawa zai riƙa yi da farashi.

Akwai wani lissafi da na kawo wanda daga baya na ga na cika masa gishiri. Na ce a duba abin da miliyan 48 za ta iya haifarwa in ba a binne ta a gini ba. Sukuk ɗin gwamnatin tarayya na 2023, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci ta shekara goma, ya biya kashi 15.75 cikin ɗari, wanda a kan miliyan 48 ya haura miliyan 7.5 a shekara, kusan ninki biyu na hayar. Ma'aji ya yi murmushi ya ce riba kashi 15 a shekarar da farashi ya hau kashi 34 asara ce da aka sa wa riga. Gaskiyarsa. Kuma kuɗin da aka ɗaure a takardar shekara goma ba kuɗin ko-ta-kwana ba ne kuma. Na janye rabin wannan hujja.

Wa ke biyan hayar?

Abin da ya juya lissafin ba a takardata ya fito ba. Akantar ƙungiyar ce, matashiya wadda ba ta cika magana a taro ba, ta kawo mani jadawalin da take raba kuɗin ofis a kan ayyuka kowane wata. Ta ce, "Yallaɓai, ka duba nan, ina ganin ba mu ne ke biyan hayar nan ba."

Ƙungiyar na da ayyuka uku masu tallafi daga waje. Mafi girma kuɗinsa na gwamnatin Amurka ne, yana biyowa ta hannun wata babbar ƙungiya ta ƙasa da ƙasa, kuma shi ke ɗaukar kashi 40 na hayar. Na biyu kashi 25, na uku kashi 15. Abin da ke fita daga aljihun ƙungiyar kanta kashi 20 ne kacal. A kan miliyan 4, naira dubu 800 ke nan. Wato ana shirin kashe miliyan 88, har da duk abin da aka tara a shekara tara, domin a kuɓuta daga biyan dubu 800 a shekara.

Ma'aji ya ce ai da sauƙi, in an sayi gidan sai ƙungiya ta riƙa cajin ayyukan kuɗin haya kamar da, kuɗin na shiga asusunta. Nan ne ƙa'ida ta tsaya a hanya. Dokar kashe kuɗin tallafin gwamnatin Amurka, wadda masu wannan aiki ke kira 2 CFR 200, ta yarda a biya hayar gaske da aka biya wa wani. Ba ta yarda ƙungiya ta ba wa kanta hayar gidanta a farashin kasuwa ba. Ko da an yi dabara an rubuta gidan da sunan wani daga cikin amintattu ana karɓar haya daga gare shi, dokar ta hango wannan, ta ce tsakanin ɓangarorin da ɗaya ke da iko a kan ɗaya ba a biyan abin da ya wuce kuɗin da mallakar gidan ke ci. Abin da ake iya caji shi ne raguwar darajar gini ta shekara-shekara, da kason gyara da inshora. Fili kuwa ba a lissafa masa raguwar daraja sam.

Muka zauna da akantar muka auna. In aka cire darajar fili, ginin da gyaransa za su kai miliyan 50. A raba a kan shekara 40, miliyan 1.25 a shekara. Kason aikin Amurka, dubu 500, a maimakon miliyan 1.6 da yake biya a haya. Ga kuma abin da ya fi ciwo: haya na hawa da kasuwa, mai tallafi na biyan sabon farashi a kowane sabon kasafi, amma raguwar daraja a kan kuɗin ranar saye take daskarewa. Bayan shekara takwas, lokacin da lissafin ma'aji ya ce haya ta kai miliyan 14, ƙungiya na nan tana cajin miliyan 1.25 ɗinta. Sauran masu tallafin biyu da aka tuntuɓa, ɗaya ya ce tsarinsa kusan haka yake, ɗayan ya ce ba ya biyan komai a kan ginin da ƙungiya ta mallaka sai wuta da ruwa da mai gadi.

To a nan ne na fahimci cewa kuɗin ƙungiya iri biyu ne, kuma lissafin ma'aji ya zuba su a ƙwarya ɗaya. Akwai kuɗin da aka ɗaure, wanda mai tallafi ya ce ga abin da za a yi da shi, ba ya sayen gida, ba ya biyan albashin watan da aiki ya ƙare, amma yana biyan haya ba gardama. Akwai kuma sakakken kuɗi, wanda ƙungiya za ta iya juyawa yadda ta ga dama, wanda samunsa ya fi komai wuya. Sayen gidan na nufin a kwashe mai wuyar samu a biya abin da mai sauƙin samu ke biya. Albashi da gudanarwa na cin miliyan 6 a wata. Miliyan 48 numfashin wata takwas ne in komai ya tsaya.

Takardun gidan, da sharaɗin Alhaji

Binciken lauya ya dawo da abin da kowa a garin nan ya saba ji. Gidan gado ne. Takardar mallaka, C of O, tana ɗauke da sunan mahaifin da ya rasu, magada 11, babban ɗa ne ke ciniki da baki, kuma ba a kai ga rabon gado a gaban alƙali ba. Ɗaya daga cikin 'yan matan na aure a wata jiha, ba a ma tabbatar an gaya mata ba. Wannan ba ya hana saye, amma yana nufin watanni na jira, da sa hannun kowa, da takardar kotu, kafin a fara neman amincewar gwamna. A tsawon wannan lokacin sai an ci gaba da biyan hayar Arkilla. Na ƙara wannan a lissafi.

Alhaji mai miliyan 20 shi ma ya fito da sharaɗinsa. Yana son gidan ya zama waƙafi, ladan ya je wa mahaifiyarsa. Niyya ce mai kyau, kuma Sakkwato ba baƙuwar wannan ba ce, jihar na da hukuma guda ta zakka da waƙafi. Sai dai waƙafi ba a sayar da shi, ba a jinginar da shi, ba a gadonsa. In gidan gaba ɗaya ya zama waƙafi, miliyan 48 ta ƙungiya ta shiga inda ba za ta sake fitowa ba, ko da ranar da aka rasa albashi. In kuma kasonsa kaɗai ne waƙafi, an samu gida mai hukunci biyu, wanda ba mai saye da zai kusance shi. Lauya ya kuma tunatar cewa dole takarda ta fita da sunan amintattu masu rajista a hukumar CAC mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, ba sunan shugaba ko wani mutum ba, kuma a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, in ƙungiya ta rushe, dukiyarta ba a raba wa mambobi, wata ƙungiya mai irin manufarta ake miƙa wa. Na lura fuskoki biyu sun ɗan sauya da jin haka. Ban ce komai ba.

Zaman amintattu

An zauna ranar Asabar bayan la'asar, aka tashi bayan isha'i. Babban cikin amintattun, dattijo malami wanda da shi aka kafa ƙungiyar, ya saurari duk bayanina, sannan ya juya ga shugaba.

"Hajiya, wanga yaro ya iya lissahi, ban musa mai ba. Amma shekara shidda muna zuba ma wani kuɗɗi, mi munka tara? Guntun gatarinka ya hi sari ka ba ni. Turawan ga da kuka cewa su ka biyan haya, in sunka tahi fa?"

"Allah gafarta Malam," in ji ta, "in sunka tahi, gini za mu ba yaran ga su ci?"

Tambayoyin nan biyu su ne dukan shari'ar, kuma ba na jin ɗaya ta kayar da ɗaya. Malam na kallon ƙungiyar da za ta rayu bayan masu tallafi, wadda ko ta ragu zuwa mutum uku tana da ƙofar da za ta buɗe da safe. Akwai kuma abin da ba ya shiga jadawali: a garin nan ƙungiyar da ke da gininta ana yi mata kallon mai tushe, hakimi da kwamishina duk sun fi sakin jiki da ita. Hajiya kuwa na kallon ma'aikata 14 da iyalansu, da cibiyoyin tamowa da ba a rufe su na wata uku a sake buɗewa a tarar da yaran suna jira.

Ra'ayin da na bayar shi ne kada a saya, ba don saye kuskure ne ba, sai don wannan ƙungiya ba ta kai ba tukuna. Ma'aunin da na ba su: a sayi gida ranar da za a iya biyan kuɗinsa duka, har da gyara da takardu, a kuma waiwaya a ga kuɗin gudanarwa na wata shida na nan a asusu. A nasu lissafin miliyan 88 da 36 ke nan, wato 124. Suna da 68. Da suna da 124, da ni ne zan fara cewa a kira dillali.

Huɗu suka bi wannan, uku suka ƙi. Aka koma wa mai gidan Arkilla da tayin da ya fi ƙarfin ya ƙi: miliyan 4 ɗin da ya nema, amma a tsaye har shekara uku, a ba shi na shekara biyu a dunƙule, miliyan 8. Aka rubuta yarjejeniya a gaban lauya, aka buga mata hatimi, aka sa cewa sola da duk abin da ake kwancewa na ƙungiya ne, gyaran kwano da katanga nasa ne, kuma notis wata shida ne daga kowane ɓangare. An ɗan kai ruwa rana a kan harajin kashi 10 da doka ta ce a cire daga kuɗin haya a miƙa wa hukuma, domin shi miliyan 4 yake son gani a hannunsa. Da aka yi masa alkawarin rasit ɗin da zai nuna a nasa lissafin haraji, da kuma ganin kuɗin shekara biyu a gabansa, ya sauko. Miliyan 8 ɗin daga asusun ko-ta-kwana ta fita, tunda mai tallafi ba ya biyan watan da bai zo ba, akanta za ta riƙa mayar da ita wata-wata.

Alhaji bai ji daɗi ba da farko. Daga baya ya sauya tayinsa: a maimakon kuɗi, ya ba da fuloti biyu da yake da su ta hanyar Wamakko, waƙafi, aka rubuta da shaidu. Wannan ya warware matsalar hukunci biyu, domin ƙasar duka tasa ce ya bayar, babu kuɗin ƙungiya a ciki.

Abin da ya biyo baya

A ranar 20 ga Janairun 2025 sabuwar gwamnatin Amurka ta ba da umarnin dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, kwanaki kaɗan bayan haka takardun tsayar da aiki suka fara isa ga ƙungiyoyi. Ta wannan ƙungiyar ta zo ta imel da daddare. Aikin bai dawo ba, hukumar ba da tallafi ta Amurka, USAID, ma kanta an rufe ta a watan Yuli.

Ma'aikata shida ne albashinsu ke kan wannan aiki. Ƙungiyar ta riƙe su wata biyar daga asusunta, miliyan 2.5 kowane wata, ta ci gaba da buɗe cibiyoyin tamowa biyu har wani mai tallafi ya karɓi ɗawainiyarsu. Ma'aikata biyu suka koma sabon aikin, huɗu aka sallame su da haƙƙinsu cikakke. Asusun da ke miliyan 48 ya sauko wajen 26. Da an sayi gidan Bado, da wannan imel ta tarar da asusu babu ko sisi, ga bashin miliyan 20, ga magini a kan kwano, ga magada 11 ana bin su sa hannu ɗaya bayan ɗaya.

Wannan ɓangaren Hajiya ke faɗa. Ɓangaren Malam shi ma yana nan daram. Kason ƙungiya a haya ya tashi daga dubu 800 zuwa miliyan 2.4, tunda kashi 40 ɗin ya dawo kanta, abin da ya faɗa a taron nan ke nan kusan kalma da kalma. Gidan Bado wani ya saye shi bayan magada sun daidaita, dillalin kuma duk sanda ya haɗu da ma'aji sai ya ce yanzu ko da miliyan 80 ba za a sallama ba. Maganar dillali ce, amma ma'aji na kawo ta taro. Tazarar da ke tsakanin ƙungiyar da ma'aunin da na ba su ta ƙaru ta ɓangare biyu, asusu ya ragu, gida ya hau. Ofishin Arkilla kuma yanzu ya yi wa mutum goma yawa, ɗakuna biyu a rufe. Akantar ta kawo shawarar a ba wata ƙaramar ƙungiya su ta riƙa biyan wani abu, sai aka duba yarjejeniya aka ga ba a sa izinin ɗan haya ya ba da haya ba. Ni na karanta takardar nan sau biyu kafin a sa hannu, ban hango wannan ba. An koma wa mai gida, ya ce zai yi shawara.

Fulotan hanyar Wamakko an kafa musu duwatsun iyaka, an zuba yashi tifa biyu, an dasa dogon yaro a gefen gabas. Kasafin katanga ya zo gaban amintattu sau biyu ana ɗage shi. Malam ya ce shi zai sayi bulo ɗari biyar na farko daga aljihunsa, kuma ya saya, suna nan jibge, wani manomi da ke maƙwabtaka da wurin yana duba su.